Kwalaben da Lambobinsu Suka Goge

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin ɗakin gwaji? Farfesanku ya sake aiko mana da takarda: a ajiye maganin amosanin gaɓɓai mako biyu, sannan a zo a zuƙi ruwan gwiwa. Karo na biyar ke nan. Kin ce a ruwan nan kuke farautar sinadarin da ke hura wutar ciwon, don a haɗa maganin da zai same shi daidai. To, Allah ya sa. Duk ajiyewar da na yi sai yatsa guda ya ƙara karkacewa. Almakashi ma yanzu da hannu biyu nake kama shi, ga ɗinkin mutane jibge. Amma zan daure.

Yayarki.

Yaya,

Ina gaishe ki da jiki. Don Allah kada ki ajiye maganin, kada ki zo.

Watan jiya aka sa mu wanke firiza. Mataimakin Farfesa, mai digiri har uku, ya feshe kwalaben ruwan gwiwa da sifirit wai tsabta, alhali da maka, alƙalamin allo mai gogewa, aka rubuta lambobinsu. Duka suka goge. Kwalba sittin, ba a san taku ba, ba a san ta masu lafiyar da ake kwatanta ku da su ba.

Na zaci Farfesa zai ɗora hannu a ka. Ina! Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Wadda ruwanta bai yi garau ba ta majinyata ce, ku sake lambobin da ido." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan canki-canka ce." Ya ce, "Wankin kwalba aka ɗauke ki ko shawara?" Haka ya fitar da sakamakon, har da tafi. Kiran nan da ya yi muku, giɓi yake son cikewa a ɓoye. Wallahi ƙyamarsa nake ji, farar rigar nan ma kunyar sa ta nake. Ya ce duk wanda ya buɗe baki a bakin aikinsa.

Ki huta lafiya,
Autarki.

Auta,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso a makare, yau kwanana goma ba magani. Maƙwabciya ce ke rubuta wannan, biro ya ƙi zama a hannuna. Tir da ilimin da bai san zafin allura ba.

Mu goma sha ɗaya ne muke zama a bencin jiran Farfesa, kuma duk an aika mana takardar. Ban san gidajensu ba. Rajistar adireshinmu tana hannunki.

Ina jira,
Yayarki.