Ruwan da Na Hana Ya Ratsa Gonar Baba

Assalamu alaikum, ƙanena Haruna. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Hajiya Delu, yaya kuma aka ji da damina? Idona da sauƙi tun da likitan nan birnin Guangzhou ya duba shi. Ɗana Sabo ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Jiya ya kai ni bayan gari, wajen Panyu. Haruna, na ga ana yankan shinkafa a wata gona, ana dasa sabuwa a ta gefenta. Na zauna bakin hanya na tuna Iro ɗan Malam Tanko.

Tun yana malamin gona yake ce mana ana noma sau biyu a shekara. Da ya zama kwamishinan gona, ya zo ya durƙusa yana roƙon magudanar ruwa ta ratsa gonar Baba. Na ce masa a ƙofar masallaci, "Ɗan boko, noman takarda ka iya." Aka karkatar da ruwan zuwa ƙauyen gaba. Yau su ke noman rani, samarinmu na tafiya cirani.

An ce yanzu shi ne shugaban jam'iyyarsu na ƙasa, kuma yana kwance ba lafiya. Don Allah ka je yau. Ko masu gadi sun tare ka, ka jira. Ka ce masa ni, Yaya Mudi, na ce shi ke da gaskiya, ya yafe mini. Amma kada ya ɗauka zan zaɓe su.

Ku sa ni a addu'a in dawo in same shi da rai. Ka gaida Liman da su Hajiya.

Yayanka,
Mudi