Ƙetare Gulbi Don Wankan Jegon Mubina

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Zuwa ga aminiyata Riskuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon gwiwar nan?

Riskuwa, ina cikin wani hali. Ɗiyata Mubina ta kusa sauka, likita kuma ya hana ta tafiya, don haka ba za ta zo gida wankan jego ba, ni zan je. Ga ruwa ya cinye hanyar ƙauyen mijinta da ke bayan Argungu, sai da kwalekwale. Kin san ni da ruwa. Tun da jirgi ya kife da mu muna yara, ko gada aka hau sai na runtse ido ina salati. Jikar masunta guda, abin kunya!

Ƙanena Ja'afar ya kai ni wurin wata likita, Dakta Nana. Da farko na hau shi da faɗa, na ce ni ba taɓin hankali gare ni ba. Amma matar nan ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Wai ba aljanin ruwa ba ne, kamar yadda Inna ta ɗauka har tana yi mini hayaƙi. Wai tausayi ne ya raini tsoron: an hana ni wanki a gulbi, maigidana Malam kuma kullum sai ya zagaya da ni ta doguwar hanya. Duk lokacin da na guje wa ruwa, sai zuciyata ta ɗauka gudun ne ya cece ni. Maganin shi ne in matsa kusa kaɗan-kaɗan, in zauna har bugun zuciya ya lafa da kansa. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Nuriyya.

Argungu.

Riskuwa,

Sallama da fatan alheri. Ya kwanan gida?

Yau kam sai kin yi dariya. Na sauka gidan Ja'afar, kullum da hantsi muna bakin gulbi kamar yadda Dakta ta tsara. Ranar farko daga nesa na tsaya, gumi sharkaf, amma ban gudu ba. Sannu a hankali na kai ga tsoma ƙafa. Shekaranjiya na zauna cikin kwalekwalen da ke ɗaure, rabinsa ma a kan yashi yake, ina ƙanƙame da katako ina Hasbunallahu. Masu wanki suka yi ta yi mini tsiya, wai Hajiya a sauka lafiya, a gaida mutanen Yawuri! Wallahi ban san lokacin da na fashe da dariya ba. Dakta ta hana ni rufe ido, ta kuma hana Ja'afar riƙe mini hannu. Da na daure, sai na ji ƙirjina ya yi sanyi da kansa. Ashe haka abin yake?

A gaida kowa.
Nuriyya.

Ƙetaren gulbi.

Aminiyata,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya.

Albishirinki! Mubina ta sauka, mace, lafiya lau. Saƙo ya iso mu da safe, tun ban gama shiri ba, don ban taɓa wuce gefen ruwa ba. Na dai ɗauki tukunyata da kayan kunun kanwa na shiga jirgi. Ba zan ɓoye miki ba, a tsakiyar gulbi har na so in ce a juya. Na buɗe ido, na ja numfashi, na bar tsoron ya yi abinsa. Bai tafi duka ba, amma mun ƙetare tare.

Da na shiga ɗakin, Mubina ta dube ni ta fashe da kuka, don ta riga ta fid da rai, har ta roƙi surukarta ta yi mata wankan. Na ce wa surukar, baiwar Allah, ta huta. Ni na hura wutar, ni na yi wa ɗiyata wankan farko da hannuna.

Ki yi haƙuri da rubutun nan karkatacce, jikata ce ke barci a cinyata.

Taki har kullum,
Nuriyya.