Kuskuren Yaya Ne, Ni Aka Ce In Durƙusa

Gwaggo, ki taimake ni da shawara, amma tun yanzu ina gaya miki, haƙuri dai ba zan bayar ba.

Ni da yayana muke haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai a shagonsa. Shi ya koya mini lida, wato liƙa wayoyi da dalma, tun ina sakandare, shi kuma ya rubuta manhajar da ke lura da zafin injin. Wata uku ke nan injinanmu suna kashe hita haka kawai, ƙwai su huce su lalace. Yaya ya ce wutar lantarki ce. Daga baya ya ce lidata ce ba ta kama ba. Na haɗiye.

Sati biyu ina bin abin. Ashe 'yar ƙwaƙwalwar injin ba ta iya ɗaukar lambar zafin a karo ɗaya, lambar ta fi ƙarfin bakinta, sai ta ɗauki rabi, ta koma ta ɗauko rabi. In lambar ta canja a tsakani, sai ta haɗa tsohon rabi da sabo. Kamar ki dubi agogo ki ga minti hamsin da tara, kafin ki dubi awa tara ta koma goma, ki ce goma da hamsin da tara. Haka 255 ke zame mata 511, ta ɗauka ƙwan dahuwa yake, ta kashe hita. Layi uku kawai na rubuta a manhajar: ta riƙa karantawa sau biyu, sai sun zo ɗaya ta yarda.

Sau biyu ina nuna masa, yana cewa in bar masa aikinsa. Ran Talata wata mai kiwon kaji da ta sayi injinmu ta zo da hawaye, ƙwai ɗari huɗu sun tafi, sai na ji yana ce mata ai yarinyar nan ce ba ta iya lida ba. A gabanta na jawo kwamfuta na nuna mata inda matsalar take. Yau kwana tara ko gaisuwata ba ya amsawa. Inna ta ce in je in durƙusa. In durƙusa a kan me?

Ƙanwar da ta gaji

'Yata, a kan injin ke ce da gaskiya, kada ki janye ko layi ɗaya. Ɗora miki laifi a gaban baƙuwa kuma bai kyauta ba, babba ne ko ba babba ba.

Sai dai ki duba nasa ɓangaren. Mutum ya koyar da ke da hannunsa, ya wayi gari kin ga abin da ya shige masa. Kunya ce ke cinsa, ba ƙiyayya ba, kuma a gaban mai saye kika ƙara masa ita.

Ki same shi ku biyu, ban da Inna. Ba sai kin durƙusa ba. Ki ce kin so a ce a keɓe kuka yi maganar, iyakar haƙurinki ke nan. Shi kuma ya kira matar nan ya wanke ki da bakinsa.

Amma kafin duk wannan, injina nawa kuka sayar da wannan matsalar a cikinsu? Yanzu haka akwai ƙwan mutane a ciki. Gobe da safe ki fara kiran masu su ɗaya bayan ɗaya a gyara musu, yayanki ya amsa gaisuwar ko bai amsa ba. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya ƙara wa hannunki albarka.