Tsintsiyar Gwaggo

Litinin, 7 ga Rabi'u Lahir, 1325

Baturen da nake yi wa rubutu a Nassarawa ya ji labarin kaburburan sarakunan da suka yi mulki kafin jihadi. Ya sa Haruna tafinta ya tambaye ni inda suke. Na ce zan bincika.

Zan bincika! Suna bayan gidanmu a Madabo, cikin ɗakin da ƙasa ta cinye rabinsa, sai an sauka matakala huɗu. Su tara ne, babu alama a kan ko ɗaya. Gwaggo 'Yardada kaɗai ta san wane ne a ina. Kowace Juma'a da hantsi takan share su, tana gaishe su da sunayensu, a jere.

Laraba, 9

Haruna ya ce wannan Baturen ya taɓa tone wani tudu a wani gari, ya kwashe abin da ya samu. Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Yau kuma kakanninka ne, Shehu? Ba kai ka ce gaisuwata bidi'a ce ba?"

Na faɗa. Sau uku tana neman koya mini sunayen, ina ƙi.

Alhamis, 10

Na yi ƙarya. Na kai Baturen wani kango a unguwar Zaitawa, inda tun ina yaro ake ɗaure jakuna. Na ce nan ne. In tono yake so, ya tone kashin jaki.

Bai tone komai ba. Hularsa ya cire, ya sunkuyar da kai. Da ya tambayi sunayensu na ce an manta.

Asabar, 19

Baturen ya sa a kewaye kangon da katanga, har da ƙyaure.

Juma'a, 10 ga Jimada Lawwal

Mutane sun fara zuwa Zaitawa ziyara. Da idona na ga wani dattijo ya durƙusa yana addu'a a turken jaki. Dariya ta zo mini, ta koma. Wa zan gaya wa? In na buɗe baki na tona kaina, na kuma tona inda sarakunan suke.

Gwaggo ta ji. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ka ɓoye su da kyau. Ko 'ya'yanka ba za su same su ba."

Litinin, 4 ga Jimada Lahir

Ruwa kwana biyu. Kusurwar ɗakin kaburburan ta zube. Gwaggo ta sauka dubawa, ta zame a matakala. Tun da aka ɗauko ta bakinta ya karkace.

Talata, 12

Na zauna kusa da ita da tawada da alƙalami, ni da na rubuta wa Bature sunan kowace ƙofa da kowace rijiya a garin nan. Na ce, "Gwaggo, faɗa mini su, na yarda." Ta yi ta motsa leɓe, hawaye na bin kunnenta. Ban ji ko harafi ba. Ina jin haushinta, ina jin haushin kaina ninki goma.

Alhamis, 14

An kai Gwaggo bayan azahar. Allah Ya jiƙanta.

Juma'a, 7 ga Rajab

Na sauka don in ga ɓarnar ruwa, ba don komai ba. Tsintsiyarta na jingine inda ta bar ta, ƙasa kuma ta taru, to ai ba a bar wuri haka ba. Shara ce kawai.

Ina cikin yi na ji bakina yana faɗin abin da na riƙa ji ta katanga ina yaro. Sunaye biyar suka zo, a jere. A kan na shida na tsaya, tsintsiya a hannu, har aka kira salla. Sauran huɗun na ce musu, "Bayin Allah, ku yi haƙuri, ɗan 'Yardada ne."

Ban mayar da tsintsiyar ciki ba, kada laima ta ci ta kafin wata Juma'ar.