An Ga Kaset Ɗin Baba, Saura Gyaran Tarihin Biki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Bikin Tsofaffin Kiɗe-kiɗe na shekara-shekara, Daura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Shugaba da 'yan kwamiti kuna lafiya. Sunana Binta, tsohuwar malamar firamare, 'yar marigayi Alu Maigoge na Sandamu. Cikin fushi na rubuta wasiƙar farko. Da Allah ya kawo sauƙi sai na yaga ta, na sake wannan.

Na ɗaya. Littafin tarihin biki da kuka raba bana ya ce kwamiti ne ya ƙirƙiro bikin a ɗakin taro. Ranka ya daɗe, ba haka aka yi ba. A ƙofar gidanmu aka fara, gindin tsamiya, ina 'yar aji uku. Baba ya lura kiɗan manoma da na maƙera da na masaƙa suna ɓacewa duk lokacin da wani tsoho ya rasu. Sai ya kira abokansa biyu, Malam Idi mai gurmi daga Baure da marigayi Ɗanjuma mai kalangu. Duk bayan girbi sukan zauna su tuna wa juna tsofaffin take, Innarmu tana dama musu fura. Da jama'a suka yi yawa har tabarmi suka kasa, aka mai da zaman Daura.

Na biyu. Kafin rasuwarsa, Baba ya ba kwamitin wancan lokaci amanar kwali guda na kaset ɗin da ya naɗa a waɗannan zama. Sau uku ina zuwa ofishinku nemansu don in kafa hujja, ana ce mini an zubar da su lokacin gyaran gini. Na kasa faɗa wa Inna, wadda yanzu ba ta iya fita. Ko hotonsa mai kyau ba mu da shi, muryar nan kaɗai ta rage mana.

Na uku, wanda shi ne dalilin godiyata. Ranar Laraba da hantsi sakatarenku ya yi sallama, da kwalin ɗaure a bayan babur. Ya ce ya same shi a siton ofishinku ƙarƙashin karyayyun kujeru. Gara ta cinye gefen kwalin, amma kaset ɗin suna nan lafiya. Muka aro tsohuwar rediyo a maƙwabta. Da gogen ya tashi, Inna ta miƙe zaune ta ce in ƙaro murya. Can sai ga Baba yana tari, yana cewa a kawo ruwa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai da ita yake. Rabona da cin abinci da daɗi tun ranar da na karanta littafinku, sai ran nan.

An ce Shugaba ya ga yadda wani birni a Turai ke bikin kiɗan kakanninsu duk shekara, da kayan kiɗa irin na da, kuma sunan kowane makaɗi yana rubuce. Haka muke roƙo a yi mana. A gyara littafin, a sa sunayen mutanen nan uku. A kwafe kaset ɗin a na'ura tun ba su lalace ba, zan kawo su da hannuna. Sannan a tura wani zuwa Baure ya zauna da Malam Idi, ya naɗi taken da ke bakinsa. Idanunsa sun tafi, amma bai manta take ko ɗaya ba, kuma shi kaɗai ya rage cikin su ukun. Don Allah kada a bari sai baɗi.

Allah ya yi wa Shugaba jagora, ya saka wa sakatare da alheri, ya jiƙan magabatanmu.

Wassalam.
Binta Alu, Sandamu.