Ɗan Kawuna Ya Mayar Da Bishiyata Gora

Malam, ka taimake ni kafin in aikata abin da zai raba zumunci.

Ɗaliba ce ni, ina kwas ɗin tsara bayanai a kwamfuta. Lakcara ya haɗa mu biyu-biyu, rabona ya faɗa kan ɗan kawuna, mutumin da ko takalmansa sai ya jera su bisa tsawo. Aikinmu manhajar neman suna ce. Ni na gina abin da muke kira bishiya: duk sunan da ya shigo, in yana gaba a jerin haruffa ya bi reshen hagu, in yana baya ya bi na dama, nema ya yi sauri. Shi nasa kawai ya kawo sunayen.

Ashe bawan Allah ya zauna ya jera su daga farkon haruffa zuwa ƙarshe, wai gyara. Kowane suna ya bi dama, bishiya ta miƙe kamar gora, ba reshe ko ɗaya. Ranar gwaji a gaban aji, kwamfuta ta tsaya tana nishi, fanka kaɗai ke motsi a ɗakin. Shi kuwa ya ɗaga hannu ya shaida wa lakcara cewa ɓangarensa lafiya lau yake. Yanzu har mai gadin ƙofa Uwar Gora yake kirana.

Saura aikin ƙarshe, in muka faɗi sai maimaita kwas. Na shirya cusa wa ɓangarensa zagaye marar ƙarshe, wato umarnin da zai sa kwamfuta ta yi ta maimaita abu ɗaya ba tsayawa, ya sandare a gaban jama'a yadda na sandare. Mama ta ce in bar wa Allah. Na bari, amma hannuna ƙaiƙayi yake.

Uwar Gora

Ya ke Uwar Gora,

Na nazarci ƙararki da natsuwar da ta dace da manyan bala'o'in tarihi, har shayina ya huce. Hukuncina ya kasu biyu.

Ɗan kawunki ya yi laifi. Jera sunaye kuskure ne na mai son tsafta, ana yafe shi. Tsame kai a gaban aji, a bar 'yar'uwa a tsaye, wannan ragwanta ce, kuma na rubuta masa ita da manyan baƙaƙe.

Sai dai, ɗiyata, na tuntuɓi masana, sun tabbatar mini akwai bishiyar da ke daidaita rassanta da kanta, kuma a kwas irin naku ake koyar da ita. Ina kike ranar? Ginin da tsaftar mutum ɗaya ta rusa, dama a jingine yake.

Batun tarko kuwa, makinku ɗaya ne. Za ki haƙa rami a tsakar ɗakin da ku biyu kuke kwana, ki sake shekara guda kusa da shi, yana jera miki takalma. Ban taɓa jin fansar da ta fi wannan cutar da mai ita ba.

Ga fansa ta masu ilimi. Gina bishiya mai daidaita kanta. Ki roƙe shi cikin ladabi ya jera sunayen yadda ransa ke so. Ranar gwaji, idan manhaja ta amsa kafin ƙiftawar ido, ki miƙa masa alli, ki sanar da lakcara cewa ɗan'uwanki ne zai bayyana dalili. Sannan ki koma kujerar gaba ki zauna, ki gyara mayafi.

Allah ya ba ku sa'a ku biyun, ya ba shi abin faɗa.