Ƙuri'ar da Lorene Ta Riga Ni Sa wa Hannu

Madam Odessa,

Don girman Allah ki taimake ni, kwana tara suka rage mini kafin a rufe karɓar wata ƙuri'a, kuma kaina ya kulle. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba sai don in yi faɗa, to yau ba faɗa ya kawo ni ba. Na sauya sunayen mutane, ko da yake duk wanda ke titinmu zai iya shinshino ni.

Shekarata saba'in da biyu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta a wani ƙaramin gari cikin kwarin nan namu na California, har gwiwa ta ce ya isa. Kowa kuma ya san ni da abu guda: ba a taɓa kawo maganar ƙarin haraji na ce na yarda ba. Na laburare na ƙi, na titi na ƙi, har na makarantar da ke biya na albashi sai da na ƙi.

A unguwarmu akwai ɗan lambun shaƙatawa. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ciyawa, bishiyoyi, lilon yara, benci shida, famfon sha da banɗaki biyu. Tun da aka gina unguwar aka ja layi aka kewaye tituna goma sha ɗaya, aka ce gidajen da ke ciki su za su riƙa ɗaukar nauyinsa, da ɗan kuɗin nan da ke zuwa a ƙasan takardar harajin gida. Kuɗin bai motsa ba tun lokacin, komai kuwa ya tashi. Yanzu hukumar gari ta ce ko a ƙara dala casa'in da shida a shekara kan kowane gida, ko ta rufe banɗakunan ta kashe ruwan ciyawa. An aiko wa kowane mai gida takardar ƙuri'a ta gidan waya. Kin dai san yadda abin yake, sai ka sa hannu da sunanka, bayan an ƙirga kuma kowa na iya zuwa ofishin akawun gari ya ce a nuna masa. Ba kuma kawuna ake ƙirgawa ba, gidaje ake aunawa. Ni ban da gidanmu ina da wani mai sashe biyu da na zuba 'yan haya, saboda haka takardata ɗaya ta kai ta mutum uku.

Ni da maƙwabcina Wendell muka kafa ƙungiyar 'yan a'a. Wendell aminina ne na shekara arba'in, a kamfanin tumatirin gwangwani ya ƙare ƙarfinsa. Ranar da zuciyata ta buga shi ya cusa ni a motarsa, ya keta jar danja uku yana zagina wai kada in kuskura in mutu masa a kujera, sabuwa ce. A garejinsa muka fenta alluna arba'in, mafi girmansu yana kafe a ƙofar gidana, da hannuna na rubuta shi. A taron majalisar gari na watan Fabrairu na miƙe na ce wanda yake son ciyawa ya shuka a gidansa. Aka yi ta tafi. Wendell ya doki kafaɗata ya ce, "Shugaba ke nan, tsohon banza mai bakin tsiya!" Ba na ɓoye miki, na ji daɗi har cikin raina.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba. Matata Lorene tana da ciwon mantuwa. Shekara biyu ke nan da likita ya faɗa, daga ni sai 'yarmu da ke can arewa muka sani. Lorene mace ce mai gudun abin kunya, ko kwandon shara ba ta fitarwa sai ta taje kai. Na ɗaukar wa kaina alkawari ba za a riƙa kallonta ana girgiza kai ba. In ta ɓata a magana sai in yi wuf in ƙarasa mata, in an tambayi me ya sa ta daina zuwa waƙar coci in ce maƙogwaro ne.

Kullum ƙarfe bakwai na safe, kafin rana ta fara duka, nakan kama hannunta mu tafi lambun. Ita da wasu mata huɗu suka dasa bishiyoyin nan lokacin 'yarmu tana rarrafe, da bokiti suka riƙa shayar da su. Sunan jikanmu ya ɓace mata, amma takan dafa kowace bishiya ta gaya mini wadda ta dasa. Mu zagaya sau biyu, ta shiga banɗaki ina tsaye a ƙofa, mu zauna a benci, ta sha ruwa. Sai ta ce, "Malam direba, kai ni gida." Idan muka biyo ta wannan hanyar muka shawo kwana, tana hango ƙofarmu sai ta gane ta, har ta riga ni laluben mukulli. Ranar da ba mu je ba kuwa, Madam, wuni take a tsaye bakin ƙofa da jaka a hannu, tana roƙona in mayar da ita gida, a cikin gidan da ta shekara arba'in da ɗaya.

Kin ga ke nan ranar da na yi wancan cika bakin a taron majalisa, da safen ma daga lambun muke. Na ɗauka maganar rufe banɗakunan barazana ce kawai irin ta hukuma.

A watan Afrilu bututu ya fashe, aka garƙame banɗakunan mako guda. Ba mu sani ba sai da muka isa. Ta ja ƙofar, ta sake ja, ta waiwayo ta dube ni. Ba mu kai gida ba fitsari ya kufce mata. Na cire rigata ta sama na ɗaura mata a ƙugu, muka taho tana kuka a hankali tana ba ni haƙuri, tana ce mini yallaɓai. Ba ta san ko ni wane ne ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tafiyar ba, ko ranar da na binne mahaifiyata. Kwana shida muka yi ba mu fita ba, kwana shida jakar nan ba ta bar hannunta ba.

Za ki ce to mene ne abin wahala, ka zaɓi e mana. Wendell ne abin wahalar. Ba rowa ce da shi ba, babu ce. Tun da matarsa ta rasu fansho ɗaya yake ci, na gan shi da idona yana raba ƙwayar hawan jini biyu da wuƙar kicin. Ya lissafa titi-titi ya ce abin ya zo kankankan, takardata ce za ta raba gardama. Kuma na san shi, ranar da aka buɗe takardun shi ne na farko a layi da gilashinsa a kan hanci. Mutumin kirki ne, sai dai tsokana. Kwanan nan ma ya tsiro da wata sabuwa, duk lokacin da ya ga Lorene sai ya cire hula ya ce, "Barka da asuba, 'yan mata. Ni ne Wendell na gidan kusa, mai karen nan da ba ya rufe baki." Ita kuwa ta yi ta dariya. Ya ma daina addabarta da roƙon kek ɗin lemo da ya shekara da shekaru yana lashe mana, ina jin likita ne ya hana shi zaƙi.

Na yi niyyar in jefa takardar a shara kawai, in ce ta ɓata, tunda wadda ba a mayar ba ba a ƙirga ta. Shekaranjiya na buɗe durowar kicin in ɗauko ta, sai na tarar an riga ni. An yi alama a kan e, a tsanake, ba karkata. A ƙasa kuma ga sa hannun Lorene, amma da sunan gidansu, Lorene Avila, irin rubutun da take yi mini a wasiƙa kafin mu yi aure. Na tambaye ta, ta ce ita ba ta taɓa ganin takardar ba. Na zauna a kujera na yi kuka kamar yaro.

Gidan da sunanmu mu biyu yake, kowannenmu na iya sa hannu. Shi ne zuciya take raya mini in liƙe ambulan in aika haka nan. In Wendell ya gani in ɗaga kafaɗa in ce, ka san halin mata, ta riga ni. Lambu ya tsira, abota ta tsira, asirinta ya rufu. To me ya sa tun shekaranjiya abinci ya ƙi wuce mini? Ita ce ta zaɓa, ko ciwon ne? In aika, ko in yaga?

Naki,
Tsohon Direba Mai Taurin Kai

*

Malam Direba,

Kada ka aika, kada kuma ka yaga. Abinci ya ƙi wucewa ne don ka san dabarar nan ba taka ba ce. Shekara biyu kana tsaye tsakanin Lorene da idon mutane, yau kuma kana so ka tura ta gaba ka laɓe a bayanta, ka ɗora mata maganar da ba za ta iya karewa ba in an tambaye ta. Ga shi ma sunan da ta rubuta ba shi ne a takardun gidan ba, ba mamaki a ture ƙuri'ar gefe, ka tashi ba ka tsira da komai ba. Gobe da safe ka je ofishin akawu ka ce taka ta lalace, ka nemi sabuwa.

Ko ita ce ta zaɓa ko ciwon, ni ban sani ba, likitanta ma ba zai rantse ba. Abin da na sani shi ne matar da ta yi jigilar ruwa da bokiti ba ta bukatar a karanta mata dogon bayani kafin ta san inda zuciyarta take.

Ba zan raina tsoron Wendell ba, kai ma kada ka raina. Mutumin da ke raba ƙwaya biyu ba ya bukatar wa'azi kan amfanin ciyawa, kuma in ya ce a'a bai yi laifi ba. Kai ma shekarun da ka yi kana tambayar hukuma ina kuɗi ke tafiya ba asararsu ka yi ba, ka ci gaba da tambaya ko an ci ko an faɗi. Tunda za ka ofishin, ka bincika masa ko akwai wani sassauci ko jinkirin biya da ake yi wa tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Amma kada ka zaro kuɗi ka ce za ka biya masa, ba a wannan zaman ba. Zai ji kamar sayen bakinsa ka zo yi.

Na ce zama, domin kafin ka sa hannu sai ka shiga garejin nan ka gaya masa da bakinka. Canza ra'ayi ba cin amana ba ne. Cin amana shi ne ka bar shi ya tsinci labarin a layi, da gilashi a kan hanci, gaban mutane. Ka gaya masa na Afrilu, ba sai ka faɗi duka ba. Allon ƙofar gidanka kuma kai za ka cire shi, da rana tsaka.

Yanzu ka koma ka sake karanta wasiƙarka, wurin da ka ce ya tsiro da sabuwar tsokana. Haba Malam Direba! Mutum ya shekara arba'in yana shiga kicin ɗinku, rana ɗaya ya fara cire hula yana gaya wa matarka sunansa da inda gidansa yake, kullum, ka ce tsokana? Ya daina roƙon kek ɗin da ya san hannunta ya manta, ka ce likita? Wendell ya sani. Ya daɗe da sani, yana taya ka rufa mata asiri, har kai ma yana rufa maka, yana jira ka gaji ka faɗa. Ba zan yi maka alkawarin ba zai yi fushi ba, wataƙila ya zage ka tas, wataƙila ya zaɓi a'arsa, ƙila ma su yi nasara. In haka ta faru za ka bukaci wanda gidansa ke kan hanyar lambu, mai banɗaki da ƙofa a buɗe ƙarfe bakwai na safe. Kai kaɗai ba za ka iya da wannan jinyar ba, ka kira 'yarku ma ka gaya mata na Afrilu.

Ban gaya maka abin da za ka zaɓa ba, don kai ka riga ka gaya mini tun ranar da ka cire rigarka. Ka rubuta sunanka ɓaro-ɓaro yadda mai gilashi zai karanta ba wahala. Tata takardar kuwa ka adana ta inda kake ajiye tsofaffin wasiƙunta, ina jin ita ce ta ƙarshe da ta rubuto maka.

Allah ya ba ta sauƙi, ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, ta zuciya da ta ƙafa. Ka gaishe mini da Lorene. In ta tambaya wace ce, ka yi yadda Wendell yake yi, ka gaya mata sunana.

Odessa